Fasinja Ta Dawo Ita Kaɗai

Maman Biyu: Salamu alaikum. Yaya? Yaya, kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya, akwai hayaniya a nan.

Maman Biyu: Ni ce, Maman Biyu. Ina kwana, Yaya?

Yaya: A'a, Maman Biyu! Lafiya lau. Kun tashi lafiya?

Maman Biyu: Lafiya ƙalau. Ya gida? Ya su Anti da yara?

Yaya: Duk lafiya. Ya 'yan biyu? Ya jikin Inna? Ta ɗan ci wani abu jiya?

Maman Biyu: Ta sha shayi rabin kofi, shi ma sai da na zauna a kanta.

Yaya: To, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ƙarin haƙuri kuma?

Maman Biyu: Yaya, don Allah kar ka yi mini wannan gaisuwar.

Yaya: To wace zan yi miki? Ita ce ta rage mana.

Maman Biyu: Kana ina ne? Ina jin ana buga ƙarfe.

Yaya: Ina shagon mai hayar kujeru, ana loda su a mota da rumfuna. Ai na faɗa miki shekaranjiya, mun zauna da Kawu mun yanke, gobe da safe za a fara zaman makokin mijinki Auta. Yau da yamma zan sa a sanar. Kai, malam! Banda masu karyayyar ƙafar nan, tsofaffi ne za su zauna.

Maman Biyu: Abin da ya sa na kira ke nan. Yaya, tattabara ta dawo.

Yaya: Tabarma? Na ce a haɗa da tabarmi, na mata.

Maman Biyu: Ba tabarma ba! Tat-ta-ba-ra! Ta Baban Biyu!

Yaya: Layin nan yana yankewa. Tsaya in fita bakin titi... Yauwa. Me ya samu tattabarun? Idan abincinsu ne, ki bari a gama zaman nan, zan samo wanda zai kwashe su gaba ɗaya ki huta.

Maman Biyu: Ba wanda zai kwashe su. Fasinja nake faɗa maka. Ka san Fasinja?

Yaya: Wane fasinja kuma? Jirgin ruwansu na kaya ne fa, siminti da rodi suka ɗauko.

Maman Biyu: Haba Yaya. Tattabarar nan ruwan toka mai zobe a ƙafa, wadda yake tafiya da ita kowace tafiya a cikin ƙaramin keji. Yana ajiye ta a ƙofar ɗakin inji. Ita yake ce wa Fasinja.

Yaya: Oho, wannan shirmen nasa. Mutum babba, makanikin jirgin ruwa, yana yawo da tsuntsu a hammata.

Maman Biyu: Ba shirme ba ne. In sun kusa gida sai ya sake ta, ta riga su isowa. Da na gan ta a saman bene sai in san gobe ko jibi yana tafe, in je in yi kitso, in shiga kasuwa. Tun kafin a haifi 'yan biyu muke haka. To ɗazu na hau shanya, na same ta a bakin ɗakin tattabaru, mijinta yana ta zagaya ta yana kumbura wuya.

Yaya: ...

Maman Biyu: Yaya? Layin ya tafi ne?

Yaya: Ina nan. Maman Biyu, tattabaru ruwan toka sun cika garin nan.

Maman Biyu: Masu jan zoben roba a ƙafar hagu? Masu guntulallen farce ɗaya da ƙofa ta datse? Ni na riƙe ta ranar da ya sa mata magani. Ko a cikin dubu zan fitar da ita.

Yaya: To na yarda ita ce. Sai me? Ki yi mini magana ta hankali. Yau fiye da wata guda. Jirgi kamar unguwa, ba iska, ba hadari, kyaftin ya yi magana ta rediyo ya ce komai lafiya, kafin a jima ɗigon jirgin da kamfani ke gani a allo ya ɓace. Jiragen sama sun yi shawagi har suka gaji, ko takalmi ɗaya ba su gani yana yawo a ruwa ba, ko tabon mai. Da 'yan fashin teku ne, da tuni sun bugo suna cika baki. Kamfani ya janye neman. Tsuntsu kuwa yana da fiffike, lokacin da abin ya faru ta tashi, ta faɗa wani jirgin ko wani tsibiri, yanzu ta lalubo gida.

Maman Biyu: Ba za ta iya tashi ba.

Yaya: Tattabara ba za ta iya tashi ba?

Maman Biyu: Ɗaure mata fiffike yake yi. Ranar tafiya, a nan tsakar ɗaki, yake tattara dogayen gashin nan na fiffike ya naɗe su da zare, don in ya fito da ita shan iska kar ta gudo tun daga tsakiyar teku ta halaka. Zaren keken ɗinkina ne ma, kore, kullum sai mun yi faɗa a kansa. Da wannan ɗaurin ko kan tebur ba ta iya hawa.

Yaya: Zare yana ruɓewa.

Maman Biyu: Wannan bai ruɓe ba. Ga guntunsa nan a hannuna, ya maƙale a gashi ɗaya. Yankan reza ne, Yaya, sumul. Shekara nawa ina ɗinki, ban san zaren da ya tsinke da wanda aka yanka ba?

Yaya: Ikon Allah.

Maman Biyu: Ban gama ba. Ba ta rame ba. Ta gaji, ta sha ruwa kamar ba za ta daina ba, amma na shafa ƙirjinta, ƙashi bai fito ba. Wata guda wani yana ba ta abinci da ruwan daɗi. Sannan ga baƙin mai a bayanta, shatin babban yatsa, inda ake riƙe ta in za a cilla ta sama. Na shinshina, warin nan ne da ke bin kayansa in ya dawo, wanda sabulu ba ya fitarwa.

Yaya: Kin shinshina tattabara.

Maman Biyu: Na shinshina, har ta tsattsage ni a hanci.

Yaya: Allah ya shirye ki. Tsaya... Malam, dakata da lodin nan tukuna. A'a, ban ce ka sauke ba, na ce dakata. Maman Biyu, ki ji ni da kyau. Ba na so in ɗaga Inna sama in sake ta. Kin san abin da nake gani kullum na zo gidan nan? Ita tana kallon ƙofa, ni ina kallon ta. Na gaji, wallahi na gaji. Gara a zauna a yi kuka a tashi, da wannan ratayar da muke ciki.

Maman Biyu: Na sani, Yaya. Ni ma ban ce maka na ga Baban Biyu da idona ba. Wataƙila ma ba shi ya sake ta ba, wataƙila wani abokin aikinsa ne. Abin da na sani shi ne jiya ko shekaranjiya akwai mutum mai rai a kan jirgin nan, da reza a hannunsa, kuma ya san aikin tsuntsuwar nan. Za ka shimfiɗa wa mutanen nan tabarmar makoki suna can suna jiran a zo?

Yaya: To me ya hana shi rubuta ko kalma ɗaya ya ɗaura mata?

Maman Biyu: Wataƙila ya ɗaura ta faɗi a hanya. Wataƙila kuma halinsa ne. Ƙanenka ne fa, mutumin da ko saƙon waya ka tura masa sai dai ya aiko maka da hoton babban yatsa.

Yaya: Kai! Wannan kam Auta ne. In ya dawo sai na mare shi kafin in gaishe shi.

Maman Biyu: Ka ce in ya dawo.

Yaya: Bakina ne ya suɓuce.

Maman Biyu: Allah ya sa ya yi ta suɓucewa. Ga wata kuma. Ya sha faɗa mini ba ya sakinta sai ya tabbata tafiyar yini ɗaya ce gare ta, don ba ta kwana a kan ruwa. Su kuma kamfani can nesa suka yi ta nema, inda ɗigon ya ɓace.

Yaya: Wato in inji da wuta suka mutu gaba ɗaya, ruwa ya yi ta jan su...

Maman Biyu: Ya jawo su kusa da mu, ana can ana neman su a inda ba sa nan.

Yaya: To amma wa zai saurare mu? In shiga ofishin tashar jiragen ruwa in ce musu tattabara ce ta aiko ni? Mai gadi ma dariya zai yi.

Maman Biyu: Ya yi ta yi. Kai da muryarka ta fi injin niƙa? Ka tafi da ita a keji, da guntun zaren, ka sa su shinshina su ma. In sun ƙi, ka sauka wurin masunta masu manyan kwale-kwale, su ba sa jiran takardar kowa kafin su fita.

Yaya: Kar dai ki faɗa wa matan sauran ma'aikatan tukuna, sai mun...

Maman Biyu: Matar kukun jirgin tana hanya.

Yaya: Maman Biyu!

Maman Biyu: Ita na fara kira, kai layinka bai shiga ba. Ta ce za ta biya ta ɗauko matar mai rediyon jirgin.

Yaya: Shi ke nan, kafin azahar duk garin ya ji. Inna fa?

Maman Biyu: Ta ji ihuna ta fito da sanda. Matar da ta yi wata ba ta taka matakala ba, ta hau har sama. Tana can zaune a kan bokiti da tsuntsuwar a cinyarta, ta ce in dafa mata abinci mai nauyi, yunwa take ji.

Yaya: Inna ta ce yunwa take ji?

Maman Biyu: Da bakinta.

Yaya: Malam! Sauke. Eh, duka, har rumfunan. Na ce sauke mana! Ba a fasa ba... to an fasa, an fasa! Motar dai ka bar mini ita, direba zai kai ni wani wuri. Maman Biyu, kina nan?

Maman Biyu: Ina nan. Yaya, kuka kake yi?

Yaya: Hayaƙin mota ne. Kina kusa da benen?

Maman Biyu: Ina kan matakala.

Yaya: Hau. Kai mini wayar kusa da ita.

Maman Biyu: Inna?

Yaya: Tsuntsuwar. So nake in ji ta da kunnena.

Maman Biyu: To tsaya... Inna, Yaya ne, wai Fasinja yake so... Ga ta nan. Ka ji?

Yaya: Yi shiru mana in ji.

Maman Biyu: ...

Yaya: Na ji ta. Wallahi na ji ta. Ki sa ta a keji, ki rufe da zane, ga ni nan zu...