Kwamfuta a Cikin Bargo

A tashar bas ta garin Plovdiv da ke ƙasar Bulgeriya, Dobrin na zaune rungume da wani abu cikin bargo, sai wata mata ta zauna kusa da shi.

"Malam, jaririn nan ko motsi ba ya yi?"

"Kwamfutar ofis ce. Yau ake sauya wa kwamfutocinmu manhaja."

"Ai gyara ne."

"Shekara goma ina haddace inda ake dannawa. In aka sauya, za a gane ban iya komai ba, a sallame ni, ga 'yata a jami'a. Ƙauye zan kai ta, in ɓoye bayan kwalaben tumatir na tsohuwata, har masu sauyin su tafi."

"Lambarta sha huɗu ko?"

Dobrin ya ƙara jan bargon. "Baiwar Allah, ya aka yi kika sani?"

"Ni aka turo daga babban birni Sofiya in yi sauyin. Tun safe nake nemanta."

"Don Allah, ki rufa min asiri."

"Kai za ka rufa min. Sha uku na sauya, sha ukun sun ƙi tashi. Kana zaton yawo ya kawo ni tasha? Ni ma guduwa zan yi. Mayar da ita, a samu ɗaya mai aiki."