Makon da Na Zaga Neman Gafara

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya riƙe numfashina har na tsaya a gabanku yau. Sunana Rifkatu. Yawancinku kun san ni da buga tulu a zumuntar mata.

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka kashe maigidana a gonarmu, can wajen Kasuwan Garba. Na dawo Kontagora na kama ɗaki. Kun zo gaisuwa, kun kawo hatsi, Allah ya saka muku. Amma da aka watse, wani duhu ya zauna mini a ƙirji. Abinci ba daɗi, barci babu. In an gaishe ni, in ce lafiya lau. Ina buga tulu ina waƙa, a ciki kuwa na gama da duniya.

Zan faɗa ba ɓoye-ɓoye: na yanke shawarar kashe kaina.

Da na yanke, sai fuskata ta sake, kamar wadda ta sauke kaya. Na wanke zanen zumuntata na ba wata sabuwar shiga. Tulun ma na bayar. Sannan na bi gida gida ina cewa, "In na taɓa yi miki laifi, ki yafe mini."

To, makon Jibin Ubangiji ne, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Kun san yadda muke yi, kowa yakan shirya da ɗan'uwansa kafin ya kusanci tebur. Sai aka ɗauka shirin da nake yi ke nan. Wata ma ta rungume ni ta ce, "Rifkatu ta warke, ku dubi murmushi." Ban ga laifin kowa ba. Da ni ce, ni ma haka zan ɗauka.

Gidan ƙarshe na maƙwabciyata ne, Inna Hajara mai daddawa. Musulma ce, ba ta san wani Jibi ba. Na tarar tana shanya kalwa da hantsi. Na durƙusa na nemi gafara.

Ta ajiye faifai ta ce, "Tafiya za ki yi?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Mu dai mai tafiya Makka muka sani da wannan zagaye, sai wanda ciwo ya kwantar. Ke ba Makka za ki ba, ba ki kwance. Jiya kuma na ga kin rabar da kajinki." Ta kama wuyan hannuna gam. "Dube ni, 'yata. Kina tunanin kashe kanki ne?"

Jama'a, na fashe da kuka na ce e.

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta bar kalwarta a rana, ta tare mai Keke, ta kai ni gidan Fasto, hannuna na cikin nata. Mama, matar Fasto, ta durƙusa da ni a tsakar gida. Addu'ar da na iya ita ce, "Yesu, na gaji." Sau uku na faɗa. A na ukun na ji a raina cewa an ji ni.

Washegari suka kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ina shan maganin har yanzu, ba na jin kunya. Matan zumunta suka raba kwanaki, ba a ƙara barina ni kaɗai ba.

Har yau abin na ba ni tsoro da mamaki. Na shiga gidaje masu Littafi Mai Tsarki birjik, amma Ubangiji ya ajiye tambayar da za ta ceci raina a bakin tsohuwa mai daddawa. Wane irin Allah ne wannan!

Ina roƙonku, in mai baƙin ciki ya sake fuska farat ɗaya, yana rabar da kayansa, yana neman gafara, kada ku tsaya a "Allah ya yafe mana duka." Ku tambaye shi kai tsaye, ku zauna da shi, ku kai shi asibiti. Tambayar ba ta tura ni ba, ita ta dawo da ni. Kai kuma da ke cikin duhun, faɗa wa mutum ɗaya yau, ka dogara ga Yesu.

Na gode wa Ubangiji. Mama, a miƙo mini tuluna da aka maido mini, zan buga.