Azarar Tsohon Sito

Tsohon siton shinkafa da ke kan tudu a Argungu ya zama gidan zamani, azararsa kuma ba ta koma hannun magada ba. A tashar Birnin Kebbi na ji maganar, muna jiran motar Argungu, dab da daminar 1984, tsakanin wani manomi da wani kafinta ɗan kudu. Ba su san juna ba.

"Siton kakana ne," in ji manomin. "Munka sayar, muna jiran a rushe mu kwashe azara, kamar yadda kowa ka yi. Ga ɗakina can ba rufi. Sai mutumen da ya saya ya shafe bango da siminti, ya sa gilashi, ya bar azara wai ado."

"Ita yake so, Baba. Har man goge katako ya sa aka shafa mata."

"Attajiri mai mota shi kwana ƙarƙashin iccen kakana? Akwai abin da yake nema. Kai ina ka sani?"

"Ni na yi masa tagogi. Mutumin kirki ne. Azara huɗu kawai na cire, waɗanda gara ta ci."

Manomin ya juyo ya dube shi sosai.

"Gara? Yaro, giginya ce. Ka taɓa ganin gara ta ci giginya?"

"To, sun dai tsufa."

"Shi mai gidan ya san ka cire?"

Kafintan ya tashi ya ce bari ya duba ko mota ta cika. Har muka isa Argungu bai faɗi inda huɗun suke ba.