Mai Usur Ya Makara

A bencin mai gyaran waya, wani direba ya zauna yana juya wayarsa da gilashinta ya farfashe. Dattijuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, mota ce ta taka ta?"

"Ina fa, Baba! Matata ce ta kira ina tsakiyar faɗa da fasinja, na maka ta da bango. Wallahi tana barin hannuna na san na yi shirme."

"To ai ka ji. Kowa a cikin ƙwaƙwalwarsa akwai mai lura da kuskure, kamar ɗan sandan kan titi. Na masu haƙuri da wuri yake busa usur, su taka birki. Na irinku kuwa sai an yi karon yake fitowa yana gyara hula."

Direba ya ƙyalƙyale da dariya. "Nawa kam barci yake yi a bakin aiki. Amma daga yau na tashe shi, ba zan ƙara yin abu ban yi tunani ba." Ya harari cikin shagon. "Shi kuma wannan mai gyaran, dubi yadda yake nawa! Ga ƙaton kai ba basira. Ko wace ce ta raine shi, ta yi asarar nono."

Dattijuwa ta gyara kwanon da ke cinyarta.

"Autana ne. Abincin rana na kawo masa."

Direba ya sunkuyar da kai.

"Baba," ya ce a hankali, "yanzun nan ya busa."