Hanyar da Lurwanu Ya Ce a Gyara

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Mai girma Prefe, mai girma Magajin Gari, Sarki ranka ya daɗe, Malam Liman, Alhaji Mumuni shugaban ƙungiyarmu ta manoma, Inna Hasiya mahaifiyar mamaci, Nazira matarsa, jama'a: assalamu alaikum.

Ni ce Rukaiya, mai rubuta sunaye a buro, wato ofishin ƙungiya, nan Cadawa. Muryata ba ta nisa, ku matso.

Marigayi Lurwanu ya kasance mai haƙuri da mu. Shi ya kafa mana shafin intanet da manoma, daga nan har Gidan Sori, ke sa suna ta waya don karɓar irin gero da wake. Ya kasance in ya yi bayani sau uku ba a gane ba, sai ya yi na huɗu yana murmushi.

Wata rana na ce, "Ɗana, me ya sa duk aka ɗauke wuta shafin ke tsayawa sai ka zo?"

Ya ce, "Inna, ni ordinata, kwamfutar nan, ta san hanyata. Shafin kuwa da nashi sunan yake aiki, ba nawa ba. Kamar baƙo ne aka aika kasuwa ba a gaya mishi rumfa ba. Kayan aikin na nan, hanyar zuwa gare su ce ba a rubuta mishi ba."

Layi ɗaya ne na rubutu gyaran, amma sai da babbar kalmar sirri, wadda ke cikin ambulan a akwatin shugaba. A taro Lurwanu ya miƙe ya ce, "A ba ni izini in gyara hanya." Me muka yi? Amalanke goma sha ɗaya na jar ƙasa muka zuba ƙofar buro! Malam Tsoho, ɗaya daga dattawanmu, ya ce mishi, "Yaro, ga hanya kamar tafin hannu, sai me kuma?" Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini. Da ya sake bayani aka ce gobe. Goben nan ta yi wata bakwai.

Kafin ciwo ya kwantar da shi, ya rubuta mini layin a littafina, ya sa bayani da ajami a ƙasa, don ya san da shi na fi sakewa.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Tun wutar da aka ɗauke bayan jana'iza shafin bai tashi ba. Sunan mutum ɗari shida na ciki, masu ba da iri za su rufe ranar Juma'a, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Inna Hasiya, ki yi haƙuri. Ɗanki bai bar aiki rabi ba, mu muka riƙe mishi hannu. Nazira, yabon da kika ji yau gaskiya ne, sai dai ya makara.

Alhaji Mumuni, ka gafarce ni a gaban manya. Amanar da ba a buɗe ta ranar buƙata, wa ta tsare? Ga littafin. Na kwafi layin nan sau arba'in kamar a allo, ba zan ɓata wasali ba. Gobe da hantsi ina ƙofar buro, bisa jar ƙasar nan, ina jiran ambulan.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Lurwanu, ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa mishi tashi hanyar. Mu kuma Allah ya ba mu kunne. Fatiha.