Hular Tamu

A inuwar gawo, kusa da sikelin gyaɗa na Magariya, Barakatu tana hutawa, sai wani dattijo mai jaki ya tambaye ta daga ina.

"Daga Bande, Baba. Ƙanena Tamu na je dubawa. Ya kai talatin, amma hankalinsa na yara ne. Yana gidan wani makiyayi, yana taya su kiwo."

"Kin aika kafin ki je?"

"In aika? Kumandan ne ke turo gardi, ɗan sandansa, a share masa hanya, ya ga gari fes."

"To, kin tambayi mai gidan?"

"Daɗin baki ai kowa ya iya. Hularsa nake dubawa. In ana barinsa da yunwa, tuwo yake ɓoyewa a ciki."

"Yau me kika tarar?"

Ta yi dariya. "Ƙuli-ƙuli biyu. Har gabana ya faɗi, sai ya miƙo mini, wai na rame, in ci a hanya."

Dattijon ya kwance jakinsa.

"Nawa ɗan yana Dungas, shi ma haka Allah ya yi shi. Shekara huɗu ina aikawa kafin in je."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai dai su gan ni."