Abin da Na Gano a Ƙasar Jan Inabi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Alhaji Abdulghani. Limaminmu, Malam Na'ibi. Dattawan Madain Fahd, da waɗanda suka taso tun daga Bagdadiyya duk da cunkoson hanya. Iyayenmu mata da ke bayan labule. Da 'ya'yanmu haifaffun Jidda, waɗanda na san suna jin Hausa ko da da Larabci za su mayar mini: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina godiya gare ku da kuka bar sana'o'inku kuka zo. Ga wanda bai san ni ba, sunana Muntaka, mutumin Damagaram. Direba nake a unguwar Abhur, a gidan kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, Shaihu Hamad, wanda yake shigo da jan ruwan inabin nan na kwali da matanmu suke sarowa su sayar.

Kun san abin da ya faru a azumin bara. Wani ya juya kwalin, ya ga sunan wani yanki na kudancin Faransa, ya ce ai can ne ake yin giyar talakawa. Kafin a shiga goman tsakiya, magana ta zama wai giya ake ba masu buɗa baki. Aka ce wa Hajiya Zinariya, ɗaya daga cikin masu sayar da shi, ta ɗauke kularta daga ƙofar masallaci, inda ta shekara da shekaru tana ciyar da marayunta da ita. Ta ɗauke, ba ta yi musu da kowa ba. Bayan salla ta aika aka kira ni, ta ce: "Muntaka ɗana, ba cinikin ne ya dame ni ba. In giya na ba masu azumi, ina so in sani tun ina da rai."

Na kai wa Shaihu Hamad wannan magana. Ya ce shi ma a baje kolin kaya ya sadu da masu kamfanin, bai taɓa taka ƙasar ba. Da lokacin girbin inabi ya zo ya ce yalla, in shirya mu tafi tare, tunda na yi lakwal, makarantar boko, ina jin Faransanci, ni ne tafinta. To, jama'a, ga abin da idona ya gani.

Na farko, ƙasar kanta. Na tafi ina zaton zan ga lambuna masu inuwa, da rumfunan da ake ɗaga kai a tsinko. Sai na tarar da ƙasa busasshiya mai tsakuwa, kusa da teku, rana tana dukanta kamar ta gida. Itacen inabin gajere ne, da ƙyar ya wuce ƙuguna, mai gaɓa-gaɓa kamar hannun tsoho, an jera shi layi-layi har inda ido ya ƙare. Na tambaya yaya abu mai ruwa haka yake fita daga tsakuwa. Wanda ya amsa mini wani Bamaroke ne mai suna Saleh, Musulmi ɗan'uwanmu, da yake aiki a gonakin. Ya ce saiwarsa tana nutsawa nesa ta nemo ruwanta, in ka cika shayar da shi ma sai ɗan ya yi lami. Ya tsinko ɗaya ya matsa mini a tafin hannu, sai na ga cikinsa fari-fari ne. Ashe jan duk a ɓawo yake.

Na biyu, giya. Ba zan ɓoye muku ba, wanda ya karanta kwalin nan bai yi ƙarya a kan sunan yankin ba. Ƙasar giya ce, jar giya mai araha, irin ta leburori da masu ƙaramin ƙarfi. Arahar tata kuwa daga yawa ne: fili shimfiɗe, inji yana girbe gonaki da dama, kuma kusan kowane ƙauye da muka ratsa yana da gidan matsa guda na haɗin gwiwa. Na ga dattijuwa ta zo da jarka, an cika mata da tiyo kamar yadda muke shan fetur, ta ɗora a keke ta tafi. Na tsaya a ƙofar gidan, ban shiga ba, amma Saleh ya bayyana mini. Ana zuba inabin da ɓawonsa a manyan tankuna, a bar shi ya kwana ya ƙara kwana, yana tafasa da kansa ba wuta, zaƙin yana gudu, ƙarfi yana shigowa. Warin kaɗai ya isa shaida, don tun daga bakin titi yake tarbar mutum. Nan na tuna gida. Dawar da muke dama kunu da ita, da ita wasu suke dafa burkutu, kuma ban taɓa jin an hana mai kunu zama a ƙofar masallaci ba.

Na uku, namu ruwan. Gidan da ake yin sa daban yake, a wani gari, ba a yin giya a cikinsa. Na ce wa manajan ina so in bi inabin da ƙafata tun daga mota har kwali. Ya yi mamaki, amma ya ba ni farar riga da hula. Na ga an matse shi da ɓawonsa har ruwan ya yi ja, na ga an sanyaya nan take don kada ya fara juyawa, na ga an ɗumama shi da zafi mai ƙarfi, an rufe ba iska. Na tambaya ko tankunan sun taɓa ɗaukar giya, aka ce a'a. Na yi tambaya a kan motocin da ke kawo inabin, na yi tambaya a kan tiyo, har Shaihu Hamad ya ce ya isa haka, Muntaka, ka bar mutane su yi aiki. Na sha a bakin injin, kuma shi ne ɗanɗanon da kuka sani. Abin da ban gani ba shi ne sauran watannin shekara, wannan kuwa ba zan yi rantsuwa a kansa ba.

Akwai wani tsohon manomi, maigidan Saleh, da ya zaunar da ni ƙarƙashin itacen zaitun yana ta yi mini tambayoyi. Da gaske ne a Jidda, gari guda mai tashar jiragen ruwa, ba a shan giya? To me ake ba baƙo? Me ake sha ranar aure? Na ba shi labarin gahawa da dabino, da yadda unguwa take yin tsit kafin kiran magariba, kowa da kofinsa a gaba. Ya nuna mini gonar maƙwabcinsa, an tumɓuke itatuwan an tara kamar itacen girki, don 'ya'yansu sun rage shan giyar araha. Ya ce rabin gonarsa masu ruwan inabi ne suka hana a tumɓuke ta. Sannan ya ce: "Kakana ne ya dasa wancan layin. Ban taɓa tunanin masu azumi ne za su riƙe mini shi ba."

Jama'a, ni direba ne, ba malami ba. Shaida na kawo, hukunci na Malam Na'ibi ne, kuma na zauna da shi na ba shi duk abin da na gani da abin da ban gani ba. Roƙona guda biyu ne. Ga Sha'aban ya raba, ina roƙon Malam ya yi bayani a fili kafin a ga wata, yadda aka yi zargin a fili. Ina kuma roƙon mu da muka yaɗa maganar, da mu da muka ji muka yi shiru, mu taka har gidan baiwar Allahn nan mu ba ta haƙuri.

Hajiya Zinariya, na san kina ji daga bayan labule. Kin aike ni, na je, na dawo. Inna, a iya abin da idona ya gani, ba giya kika ba masu azumi ba.

Allah Ya kai mu Ramadan lafiya. Allah Ya tsarkake abin da muke ci da abin da muke sha, Ya tsare harsunanmu daga abin da ba mu da sani a kansa. Allah Ya raya marayunmu, Ya sauƙaƙa wa masu neman iƙama, takardar zama, Ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a nan da waɗanda ke kwance a gida. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.